Sukudireba a Kunnen Baba

Jiya a Kasuwar Libiya na hango wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi, sai na manta abin da ya kai ni.

Irinta Baba yake ɗorawa a jikin injin tarakta, ya kafa kunne a mariƙin, ya lumshe ido. Yakan ce, "Inji ba ya ɓoye ciwonsa, mu ne ba ma saurara."

Wata rana na kai masa abinci gonar maƙwabcinmu a Soba. Kogi ya janye, ƙasa tana bushewa, tsohuwar tarakta kuma sai mutuwa take yi ana tsakiyar huɗa. Ko'ina warin man gas. Ya daɗe yana saurare, sannan ya miƙo mini sukudirebar, ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yata, sa kunnenki ki faɗa mini abin da take cewa."

A nan na gane ya daina ji. Na riƙa buga masa yadda injin yake ƙara da yatsana a tafin hannunsa mai baƙin mai. Ya gyara taraktar kafin la'asar, amma bai sake karɓar aiki ba.

Allah Mai ji, ka ji roƙonmu a kansa, ka sanyaya makwancinsa.