Ranar da Baffa Ya Hau Motar Kaya

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babban gidanmu, amma ko akuya bai taɓa ba umarni ba. Gyaran agogo yake yi a zaure. Ba wanda ya naɗa shi. Tsofaffi ne suka ƙare, aka waiga sai shi. Mulkinsa duka zama ne. In ka yi laifi ba ya faɗa, kujerarsa zai dasa a ƙofar ɗakinka, ya ci abincinka, ya cika ka da labarin agoguna har ka gaji ka shiryu. Taƙamarsa ɗaya ce: tun da gidan ya dawo hannunsa, ba wanda ya yi fushi ya tashi.

Sai Yaya mai walda ya gina wa matarsa kicin, bangon ya toshe tagar ƙaninmu Tela. Tela ya ce ko kafar allura ba ya gani. Baffa ya tare a ƙofar Yaya har ya yi kumatu, bango ko gezau. Wata safiya Tela ya kira motar kaya.

Ana gama ɗora keken ɗinki, Baffa ya rungumo akwatin agogunansa, ya sa direba ya ɗaga shi, ya harɗe a kan katifa.

"Baffa, ina za ka?" in ji Tela.

"Inda za ka. Ɗaki nawa ka kama?"

"Ɗaya ne fa!"

"To, matarka ta yi haƙuri, ina minshari."

Maƙwabta suka firfito. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi wane ne ya kori dattijon gidan, duk ido ya koma kan Yaya. Direba ya ta da mota. Ni kam na san taurin kan Yaya. Har motar ta fara mirginawa, sai ga shi da guduma yana huci.

"Ku sauko da tsohon nan kafin ya tona mana asiri!"

Ni na kama Baffa ya sauko, ana ta dariya, gudumar Yaya tana cin bango.

"Baffa, dama ka san zai fito?"

Ya yi ƙasa da murya. "Ina fa na sani, 'yar nan? Da motar nan ta sha kwana ba wanda ya ce uffan, da yau na gane ni mai gyaran agogo ne kawai."