Hannunki a Cikin Tokar Dair Mahjub

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Dakta Intisar Hizam a wani asibiti a birnin Hudaida, bayan ta yi kwana shida tana fama da zazzaɓin nan mai karya gaɓoɓi. Shekarunta arba'in da bakwai. A takardar sanarwa an rubuta cewa mai bincike ce kan yunwa da abincin ƙananan yara, kuma gaskiya ne. Amma ni Najiba, ma'aikaciyar lafiya da na shekara ɗaya da rabi ina bin ki ƙauye-ƙauye da jakarki a kafaɗata, na san ki da abin da sanarwa ba ta faɗa ba. Na gaji, Dakta, har alƙalamin nan nauyi yake yi mini. Sai dai idan ban rubuta ba, ban san wanda zai rubuta ba.

Laifina ne ya haɗa mu, gara in fara da shi. Shekara biyu da suka wuce aka tura ni ƙauyen Dair Mahjub da takardun tambayoyi, domin a san ƙauyukan da za su ci gaba da samun taimakon abinci. Kowane gida na shiga na yi tambayar da ke rubuce: ko kun taɓa wuni ba ku ci ba? Kowa ya ce alhamdu lillahi. Kowane gida aka ajiye mini tire da gurasar dawa da shayi mai madara, na ci har na fara jin kunyar cikina. Yaran da aka kawo mini na auna dantsensu da ɗan tsirin awon nan mai launi uku, kusan duka suka faɗa a kore, launin da ke nuna yaro a ƙoshe yake. Na rubuta cewa ƙauyen lafiya yake, aka cire sunansa. Kafin wata huɗu aka binne yara uku, cikinsu har da Hamuda, jikan wata tsohuwa Inna Za'afaran, wadda ita ce ta fi kowa matsa mini in ƙara gurasa.

A lokacin kika zo daga jami'a. Na jira ki zage ni, har na shirya amsa. Sai kawai kika ce in ɗauki jaka mu koma, kuma in bar takardun a mota. Gida na farko kika gaisa, kika ce za ki wanke hannu, kika zaga bayan bukka inda tanderu yake, kika naɗe hannun abayarki, kika zura hannu har gwiwa. Daga baya kika koya mini: idan toka da ɗumi, an yi gashi yau; idan ta yi sanyi amma tana da laushi, jiya ne; idan ta daskare tururuwa suna yawo a kai, kada in wahalar da kowa da tambaya. A wani gidan ma kaza muka tarar ta yi kwanci a cikin tanderun.

A gida na biyar Inna Za'afaran ta kama ki hannu dumu-dumu cikin toka.

“Ke Dakta, a garinku haka aka koya muku baƙunta? Ana shimfiɗa miki tabarma kina shiga madafar mutane?”

“Inna, tausayin tiren nan nake ji,” kika ce. “Tun safe yake riga ni shiga gidaje. Dubi bakinsa da ya lotse, na gane shi tun a gida na biyu. Ku bar shi ya huta.”

Tsohuwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka. Ranar na san abin da na ci. Gidaje shida suka haɗa garin da ya rage musu suka gasa gurasar baƙuwa, tire ɗaya yana zagawa ta bayan danga kafin in iso. Yaran da suka rame kuwa an kwantar da su a ƙurya, don kada a ce gidan wane ba ya iya ci da iyalinsa. Mutanenmu ne, na san halinsu, a gidanmu ma haka za a yi. Duk da haka ban gane ba, sai da ke da kika tashi a birni kika nuna mini.

Ba zan ce ba ki da aibu ba, domin kin tsani yabon ƙarya. Harshenki yana da kaifi, kin sa direbobi uku sun ajiye aiki. Kina hana mu cin komai a gidan da muka je aiki, har ruwan shayi, ga shi ƙin cin abincin mutum a yankinmu na Tihama kusan zagi ne. Sai kika samo dabara: kina zuwa da garinki a buhu, ki ce wa matar gida likita ya hana ki cin gurasar kasuwa, ta taimaka ta gasa miki. Ki gutsuri kaɗan, ki manta da sauran garin a bayan ƙofa. Gidaje nawa kika yi wa wannan mantuwar, Allah kaɗai Ya sani.

Abin da ya cinye ki shi ne mayar da Dair Mahjub cikin jerin masu samun abinci. Sau uku kina kai rahoto gaban kwamitin rabo, sau uku ana dawo miki da shi. Wani mai gilashi ya ce miki toka ba hujja ba ce a ilimi, kuma takardar farko, wato tawa, ta nuna ƙauyen a ƙoshe yake. A ƙarshe suka ce sai an bi gidaje ɗari biyu da goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, an auna kowane yaro, kafin a rufe jerin a ƙarshen Rajab. Idan aka rufe babu su, sai baɗi. Mun yi ɗari da tamanin da ɗaya, kowane gida sai an yi lallashi kafin a fito da yaron ƙurya, sannan zazzaɓi ya kwantar da ke.

Ranar Lahadi na zo duba ki. A jakata akwai takardar ajiye aiki da na rubuta tun watan jiya, domin na gaji da auna dantsen da bai fi babban yatsana kauri ba, na gaji da rana, na gaji da rubutun da ba mai karantawa. Kika buɗe ido da ƙyar.

“Saura nawa, Najiba?”

“Talatin da ɗaya, Dakta.”

“To me kike yi a nan? Ni an auna ni.”

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ban nuna miki takardar ba, kuma ban koma ƙauyen ba. Na zauna a gida ina cewa gobe, har aka bugo mini waya ranar Talata.

A kwana na uku na zaman makoki, falonki cike da mata, sai ga Inna Za'afaran ta shigo da ƙura har gwiwa, ta taho a bayan motar kifi. Tana ɗauke da tiren nan mai lotsattsen baki, an rufe shi da ƙyalle. Ta ajiye a gaban mahaifiyarki, gurasar dawa guda bakwai. Na san gidajen ƙauyen ne suka sake haɗa ɗan garin da ya rage musu, na kasa kallonsa. Ta dafa kaina ta ce, “'Yata, wannan karon ba don mu ɓoye komai ba ne, na Dakta ne. Ki zo gobe. Mun gaji da ƙarya.”

Na je. Ba wanda ya shimfiɗa mini tabarma. A kowane gida matar gidan ce ta kama hannuna da kanta, ta ja ni bayan bukka, ta ɗaga murfin tanderu ta kau da kai. Yaran ƙurya suna jere a inuwa suna jirana. Cikin gidaje talatin da ɗaya, huɗu ne na tarar da ɗumi a tokarsu. Ranar Alhamis da ta zagayo na kai wa kwamiti takardun da sunanki a sama. Sun ce za su duba, har yau ina jira. Takardar ajiye aikin tana nan a jaka, ban yaga ba, ban kuma miƙa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajiya Taƙiyya, da mijinki Malam Abdurraƙib, da 'ya'yanki Siraj da Lamis waɗanda muka riƙa sace musu uwa mako-mako. Ku yafe mana. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Ke kuma Dakta, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, ke da kika ƙi cin na mayunwata. Ya haɗa ki da Hamuda da 'yan uwansa biyu, idan kin gan su ki roƙa mini gafararsu. Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya kuma mayar da ɗumi cikin tanderun Dair Mahjub. Amin.