Direban Tsere a Tsakanin Safa da Marwa

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu a Kano, ni da yayana, muka nufi filin jirgi da niyyar umra. Yaya tsohon malamin makaranta ne, gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ba shi wahala, don haka tun daga matakalar jirgi na zama sandarsa ta biyu.

Da yamma muka sauka Jidda. Ɗan goggonmu, haifaffen Makka, shi ya zo ɗaukarmu. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma da zarar ya ce "yalla", wato "mu je", sai ya take mota kamar an biyo shi. Titin shimfiɗaɗɗe ne, ba rami ko ɗaya. Da muka shiga Makka ya nuna mana gefen dutsen Nakkasa inda aka rushe gidan da ya girma, ya ce yanzu sun koma Rusaifa.

A unguwar Jarwal muka yi masauki. Da safe wake da gurasar tamis, da rana kuma akwai wani lungu da matan Nijar ke sayar da tuwo da miyar kuka. Na lura duk takun da ka yi wajen Harami, farashin shayi sai ya ƙaru. Umrarmu ta farko a keken guragu na tura Yaya, kuma na ga abin ya taɓa masa rai.

A ƙofar masaukin muka haɗu da wani saurayi fari mai jan gemu, yana ɗingishi. Mun ɗauka Baturke ne, ashe Musulmin Rasha ne daga Kazan. Ya dubi sandar Yaya, Yaya ya dubi ƙafarsa, sai duk suka yi dariya. Da Turanci suke hira, ni ina tsintar abin da na iya. Da ya ji za mu fita Tan'im mu ɗauro harami don yi wa mahaifiyarmu marigayiya umra, ya roƙi mu tafi da shi.

Ɗan goggo ne ya ja mu. Ina lura da baƙon ya ƙanƙame kujera yana salati. Da Yaya ya tambaye shi sana'arsa, ya ce shi direban tseren motoci ne, sai da ɗan goggo ya kusa sakin sitiyari don dariya. Baƙon ya kare kansa, wai a filin tsere kowa gaba ɗaya ya nufa, kuma ba mai amsa waya.

A nan ya ba mu labarinsa. Tun yana ƙarami mahaifinsa, wanda makanike ne, ya haɗa masa 'yar motar tsere, yana koyo a kan tafkin da sanyi ya daskarar. Bai kai ashirin ba ya tafi Turai, yana kwana a gareji tare da masu gyara, har ya fara cin tsere ana buga hotonsa a jaridun garinsu. Wata rana ana ruwa motarsa ta ƙwace a kwana ta daki katanga. Aka sa masa ƙarfe a ƙafa, kafin ya tashi kamfanin ya ba wani kujerarsa. Yanzu wani ƙaramin kamfani ya kira shi gwaji bayan umra. Ya ce likita ya tabbatar masa ƙafar ta warke, amma tun ranar haɗarin ko sassarfa bai ƙara yi ba, zuciyarsa ta ƙi yarda.

Sai Yaya ya ce shi ma likitoci sun ce sai an yi masa aiki a gwiwa, yana ta gudu, don tsoron kada ya kwanta ya kasa tashi. Mu 'yan gida mun yi roƙon har mun gaji.

Muka gama ɗawafi muka shiga sa'ayi. Da muka iso wurin korayen fitilu inda maza ke sassarfa, sai baƙon ya ja ya tsaya, mutane na wuce shi ta ko'ina. Yaya ya sa na tsayar da keken, ya kama hannunsa.

"Ɗana, ni yau ba zan iya ba. Je ka yi mana, ni da kai."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗaga ƙafa. Takun farko duk a karkace, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, amma bai faɗi ba, kuma bai tsaya ba sai da ya wuce fitilun. Da muka cim masa gemunsa ya jiƙe da hawaye. Ya durƙusa gaban keken ya ce, "Hajji, na yi nawa. Saura kai."

Duk sauran zagayen da gudu ya yi wurin, Yaya na bin sa da addu'a.

Mun dawo Kano lafiya da zamzam da dabino. Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wayar Yaya: hotonsa sanye da hular kwano, ya ce ba shi ya fi kowa sauri a gwajin ba, amma sun ɗauke shi. Washegari Yaya ya buga min ƙofa da kansa, ya ce in kai shi asibitin ƙashi.

Abin da tafiyar nan ta koya min, wanda ya san irin tsoronka ya fi iya ba ka ƙarfin zuciya, ko da ba ku haɗa harshe ba. An yi wa Yaya aikin makon jiya. Ɗazu na baro shi a barandar asibiti yana koyon taku, yana yi wa ma'aikaciyar jinya faɗa wai tana riƙe shi da yawa.