Kwandon Albasar Farko

Ni tun da matar nan ta sauko daga mota da takalmin da bai taɓa taka taɓo ba, hankalina bai kwanta da ita ba. Ta ce daga jami'a take, tana nazarin yadda magabata suke raba ƙasa da yanke shari'a a nan bakin kogin Nil kafin zuwan takardun hukuma. Na ce a raina, tarihi ne kawai ya kawo ki ƙauyenmu cikin wannan rana? To, mu gani.

Gonarmu ta bakin kogi ba ta da takarda. Kakan kakanmu ne ya sare dajin da hannunsa da suka iso daga Sakkwato, kuma da ita muke ci har yau. Mu da aka daɗe ana ce mana baƙi, mun san ba da kowa ake wannan hira ba.

Amma kakata, Allah ya ɗora mata son baƙo. Ta dafa mata gahawa, ta zaunar da ita bakin gado, ta saki baki. Ina ta ƙifta mata ido, ko kallona ba ta yi ba.

"Kowace shekara," in ji kakata, "kwandon albasar farko gidan Larabawan ƙetaren hanya muke kai wa. Kakansu ne ya tarbi namu."

Matar ta ce, "Hajiya, kyauta ce ko haƙƙin mai ƙasa?"

"'Yata, mu dai ba mu taɓa fashin kaiwa ba."

Na yi wuf na katse su. Na ce, "Ustaza, zumunci ne, ki rubuta zumunci." Ta yi murmushi, wai ita ba alƙali ba ce, kowane ɓangare take saurare. Da la'asar na hango motarta a ƙofar gidan Larabawan, ta kuwa daɗe a ciki.

Ban ga abin da ta rubuta ba, ban san wa ya karanta a ofisoshin hukuma na birnin Sinnar ba. Wataƙila da zuciya ɗaya ta zo. Ni dai da aka cire albasa na ce bana kada a kai. Kakata ta ce in ba zan ɗauka ba, ita za ta ɗora a ka, da tsufanta.

Na ɗauka raina a ɓace. A da yara ake turowa su karɓa, su miƙo mana dabino. Ranar babban ɗan gidan ne ya fito da kansa. Ya ce in dakata, kada in sauke tukuna. Ya leƙa shagon maƙwabta, ya kira dattawa biyu su zo su tsaya su shaida.