Maganin da ya cinye fuskar Yaya Ummaru

Ni ne ba ni da gaskiya. Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar wana, Yaya Ummaru mai hoto, sai bana bakina ya iya faɗin haka.

Rumfarmu ɗaya a kasuwar Isa, zamanin hoto baƙi da fari. Shi ke ɗauka, ni ke wanke fim. Maganin wankin fim iri biyu ne a ɗakin duhunmu. Akwai na gari da yake sayowa Kano, mai sanyin aiki. Sai ka yi minti goma sha biyu kana jijjiga, amma yana fito da komai a hankali, har tsagar Gobirawa a kumatun baƙin mutum ka gan ta ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma na ruwa da nake samu wajen 'yan Maraɗi, wanda asali don takardar hoto aka yi shi, ba fim ba. Minti uku ya gama. Fari ya yi fat, baƙi ya yi ƙirin, tsakaninsu babu komai. Riga ta yi ƙyalli, fuska ta koma gawayi.

Ni na Maraɗi nake so, don ranar kasuwa jama'a na jira. Yakan ce, “Sani, mutum muka ɗauka, ba shadda ba.” In ce to, in ya juya baya in zuba nawa.

Bai son a ɗauke shi. Sau ɗaya ya yarda ya zauna gaban kyamara, ranar sunan ɗiyarsa Hadiza, tana hannunsa. Ya miƙo min fim ya ce in sa na Kano. Ina sauri kada naman suna ya wuce ni, na sa na Maraɗi. Da hoton ya fito, fuskarsa ta koma gawayi, na ce rana ce ta yi yawa. Ya daɗe yana kallonsa. Fim kuwa ba a wanke shi sau biyu.

Da zai dawo yau ban san abin da zai ce ba. Ƙauyukan da muke zagayawa da keke tsakanin Tozai da Sabon Birni, da yawansu 'yan bindiga sun watse su. Mata kan zo min da tsohon hoto a ƙullin zane, suna son a faɗaɗa fuskar wanda aka kashe ko aka shiga daji da shi. Kallo ɗaya nake gane wankin. In maganin Yaya ne, ga mutum nan. In nawa ne, ga hula, ga riga.

Watan jiya Hadiza ta zo da nata, hoton nan na ranar suna, 'ya'yanta sun dame ta da tambayar kamannin kakansu.

Ta ce, “Baffa, an ce yanzu kwamfuta na gyara komi. Ka fiddo min fuskar Baba, ni kaina ta fara ɓace min.”

Na ce, “Ba ta gyara abin da babu. Zauna, ɗiyata. Ba rana ba ce. Ni na sauya magani don kwaɗayin nama, na yi ma ubanki ƙarya har ya bar duniya. Shi ba ni iya roƙonai yanzu. Ke za ni roƙa. Don Allah ki yafe min.”