Duwatsun Niƙa a Bayan Ɗakin Baba

Shekarar da aka kwashe magina kaf aka kai su aikin ganuwar birni, a ita Baba, mahaifina, ya faɗi a bayan ɗakinsa. Ɗan wuri ne tsakanin ɗaki da katanga, inda yake alwala. Ruwan farko na sauka wurin ya zama taɓo, santsi ya kwashe shi, buta ta fashe. Na iske shi zaune cikin caɓi yana lalubar sandarsa, don idonsa ya riga ya yi rauni.

Da yamma ya kira ni. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, na aika wa ƙanena a Gidimuni ya zo ya ɗauke ni. Can rairayi ne, ba ya riƙe ruwa. Ba zan karye a gidan suruki in zame miki kaya ba."

Na ce, "Kaya? Haba Baba, wa ya ce maka na gaji?" Na san in ya tafi, tsufa ba zai bar shi ya dawo ba.

Magini dai babu, maigidana ma yana can yana kwaɓa ƙasar ganuwa. Na iya daɓe, amma ruwan indararo cinye shi zai yi. Duwatsun garinmu kuwa ga su nan jibga-jibga, sai kallo. Sai na tuna da tsofaffin duwatsun niƙa, waɗanda suka cinye suka yi kwarmi aka jingine su a bayan madafi. Na bi gida-gida ina roƙo. Wata maƙwabciyata ta riƙe baki ta ce, "Ke kuwa duk garin za ki yi wa niƙa?" Na ce mata in fura ta samu ta zo da ludayinta. Waɗanda zan iya na ɗauko da gammo, sauran na mirgino su, har wuyana ya ƙi juyawa.

Na sassare ƙasa da fartanya, na zuba tsakuwa, na jera duwatsun, na cike tsakaninsu da jar ƙasa na bubbuge da madaɓi. Na tsaya ina kallo, kaina na kumbura.

Ashe aikin baban giwa na yi! Tun tasowata ban taɓa ganin dutsen niƙa a kife ba, sai hannuna ya ajiye kowanne yadda ya saba, fuska sama. Da aka yi ruwa kowane kwarmi ya cika tam, ga fuskar sumul saboda niƙan shekaru. Ni mai ido ma sai da na zame na daki gwiwa. Wallahi zama na yi na sha kukan takaici.

Ana haka labari ya zo Baffa, ƙanen Baba, ya taso. Na share hawaye na ɗauko dagi. Na tone su ɗaya bayan ɗaya na kife, bayan nan mai kaushi ya koma sama, na cusa ƙasa a kwarmin don kada su yi rawa. Wannan karon na karkata su wajen rariya. Yatsuna suka farfashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Baffa ya iso da jakinsa da la'asar, ana yayyafi, da niyyar su kama hanya da safe. Kayan Baba tuni suna ƙunshe a bakin ƙofa. Na miƙa wa Baba sabuwar buta, na ƙi riƙe masa hannu.

Ya cire takalmi ya taka. Ya goga tafin ƙafarsa, ya ƙara taku, sannan ya tsuguna ya shafa.

"Uwata, dutsen niƙa ne wannan?"

"Shi ne, Baba. A kife."

Ya yi alwalarsa ya miƙe, ba wanda ya taɓa shi. Da zai miƙo mini butar sai hannunsa ya ci karo da yatsuna. Ya riƙe su, ya daɗe yana shafa tsumman.

Ya juya wajen Baffa ya ce, "Ka sha hanya a banza, ka yi haƙuri." Sannan ya ce da ni, "Uwata, je ki kwance mini ƙunshin nan."