Lamba Bakwai da Waken Babansa

A ƙauyenmu na gefen Ɗambatta babu ƙasar da take zaune banza. Daga bakin zaure gona ce, daga bayan masallaci gona ce. Fili ɗaya tak aka bar wa yara, wata tsohuwar saura da ke tsakanin gonaki, kuma a nan nake koya wa matasan garin ƙwallo da yamma idan na tashi daga makarantar firamare da nake koyarwa. Suna ce mini Koci. Ban taɓa zuwa wani kwas ba, usur kawai nake da shi da baki mai zafi.

Da toka muke ja wa filin layi. Raga kuwa itacen darbejiya ne da igiya. Yaran 'yan sha biyar zuwa sha bakwai ne, da safe suna gona, da la'asar suna hannuna. Na zage su, na sa su gudu har su kira sunan iyayensu mata, gobe kuma su riga ni zuwa.

Cikinsu akwai lamba bakwai ɗina, siriri kamar karan dawa. Idan ya ɗauki ƙwallo ya bi gefen layi, sai dai mai tsaron baya ya rako shi da ido. Wani tsohon abokina da ke nema wa wata ƙungiyar matasa 'yan wasa a Kano ya yi mini alkawarin zai zo ya gan shi kafin kaka. Yaron ya ɗauki maganar nan ya sa a ransa. Ni ma haka, don ban taɓa fitar da ko mutum ɗaya daga garin nan ba.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Taki ya gagari talaka, rumbuna suka ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Damina na faɗuwa, wata yamma na zo na tarar layin tokarmu na gabas ya ɓace, an ja kunya a wurinsa. Bayan mako aka ƙara wata. Mai gonar yamma ma ya ga haka, ya matso da tasa garmar. Na yi ta masifa a tsakiyar fili, ina tambayar wane mara tsoron Allah ne. Yara duk suka sunkuyar da kai. Can lamba bakwai ya ce, "Koci, ni na yi huɗar. Baba ne ya sa ni."

Na tafi gidansu a fusace, na shirya maganganu tun daga hanya. Na sami uban a zaure, ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni da mutunci. Kafin na buɗe baki sai ga ƙanwar yaron ta leƙo ta ce, "Baba, Inna ta ce yau ma ba za a ɗora ba?" Ya ce mata ta koma ciki, yana zuwa. Ya juyo ya ce, "Malam, na san abin da ya kawo ka. Ƙwallo dai ba a tuƙa ta." Na yi masa fatan damina mai albarka na fito, raina a jagule.

Mai unguwa ma na je wurinsa. Ya ce in yi haƙuri, bayan girbi a duba. Ashe shi ma ɗansa ya ja tasa kunyar ta bayan raga.

Haka muka ci gaba da atisaye a abin da ya rage. Uban yaron ya shuka wake a sababbin kunyoyin, waken ya yi kyau, ya fara yaɗo yana shigowa fili. Na lura lamba bakwai ya canza. Da ya kusa gefe sai ya rage gudu, ya karkato ciki inda mutane suka cunkushe. Na yi ta ihu, "Buɗe! Bi layi!" Ya ce to, amma ƙafarsa ba ta yarda. Shi ya shuka waken, shi ya yi masa noma, ya kuma san tukunyar da ake jira ya shiga. Daga baya na daina ihun, don ni kaina ban san me nake so ya taka ba.

Abokina ya cika alkawari, ya zo a motar haya. Muka gayyato yaran ƙauyen da ke kusa da mu. Ana cikin wasa aka jefa wa lamba bakwai wata ƙwallo mai kyau ta gefe, babu kowa a gabansa. Ya taso da gudu, zuciyata ta taso tare da shi. Yana isa bakin waken ya ja birki, ya bar ta ta gangara cikin ganye. Haka ya sake yi, ya kuma sake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi na ja abokina gefe na ba shi labarin duka. Ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce, "Na yarda da kai. Amma can ba wanda zai tambaye ni labarin wake, lamba bakwai mai kauce wa layi ba wanda zai ɗauka. Ya je ya yi ta atisayen bin gefe, baɗi na dawo."

Na raka shi bakin titi na dawo. Yara sun watse, saura lamba bakwai kaɗai, ya tsuguna yana tayar da yaɗon da 'yan wancan ƙauyen suka tattake. Ya ɗago ya ce, "Koci, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ka ƙara atisayen bin gefe."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya ce, "A ina, Koci?"

Na sa usur a aljihu, na tsuguna na taya shi tayar da yaɗon.